Boris Biyu Tsakanina da Ummi

Tun da muka dawo matan layinmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ta shigo aron rariya ta share wuri ta zauna, waccan ta aiko a yi mini sannu da hanya, kafin in amsa ta biyo bayan saƙon. Tambayar dai ɗaya ce, wai yaya Kamaru. Kuma duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ya kai ƙarshen Sabon Layi, jiya har na ji an ce a kwalekwale muka tsallaka. To ga yadda aka yi, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, ni bakina ya gaji.

Ba yawon buɗe ido muka je ba, 'yarmu muka je ɗaukowa. Lokacin da 'yan bindiga suka shigo Mubi kowa ya kama gabansa, da ƙafa muka bi ta duwatsu muka faɗa Kamaru, ni da maigidana Malam da Ummi, wadda ba ta daɗe da yaye ba. Wata Bafulatana mai suna Dudu ce ta karɓe mu a rugarsu. A nan ƙyanda ta kama yarinyar, ta kwanta kamar ba za ta tashi ba. Da aka zo da manyan motoci kwashe baƙi, ba a bar babba ko ɗaya ya zauna ba. Dudu ta dubi Ummi ta ce wannan in ta hau mota a cikin rana gawarta za a sauke, mu bar ta, in ta warke mu dawo. Muka bar ta, muna zaton abin na ɗan lokaci ne. Daga nan sai Yola, sai hanya ta rufe, da muka komo Mubi muka tarar shagon Malam ya zama toka. Damina biyu ban sa 'yata a ido ba.

Rannan a farkon mako wani dillalin shanu ya yi sallama da saƙo daga Dudu. Mazan rugar sun yanke shawarar tashi, za su yi kudu da shanu, nesa, wurin da ita kanta ba ta san sunansa ba. Ranar Jumma'a da safe za su ɗaga. In mun zo kafin nan mu ɗauki 'yarmu, in ba mu zo ba da ita za a tafi, sai kuma inda Allah ya haɗa fuska.

Na ce wa Malam mu shiga mota zuwa Sahuda a bakin iyaka, mu tsallaka, mu ɗauki ɗan acaba. Ya ce shi da yake da mashin ba zai hau na haya ba. Wannan mashin kuwa tsoho ne ɗan Japan da ya gada wurin mahaifinsa, ya girmi aurenmu nesa ba kusa ba, kuma Malam ya fi tausayinsa a kan ƙafafunsa. Tun da aka hana hawa babur a cikin gari ya kai shi Mugulbu wurin abokinsa Buba, wani manomi ɗan ƙabilar Gude. Da abin ya ɓaci aka fara bin ƙauyuka ana ƙwace mashina, sai Buba ya naɗe shi da leda da tsohuwar tabarma, ya haƙa rami bayan rumbu ya binne. Don kada a gane, ya shuka kabewa a kai.

Da muka isa Mugulbu Buba sai washe baki yake, yana cewa ƙasa ta riƙe mashin lafiya lau, ko ɓera bai sani ba. Matarsa ce ta ce ba ta san wannan zance ba. Kabewar ta yi yaɗo, ta yi 'ya'ya manya-manya, ta ce babu wanda zai sa fartanya a wurin sai ta gama cire kayanta da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, tana ƙwanƙwasa kowace ta ji ko ta nuna. Ni ina tsaye da jakar kayan Ummi a hannu, haushi kamar ya kashe ni. Sai da rana ta take sannan aka fara tono.

Abin da ya fito daga ramin nan, wallahi da a hanya na gan shi ba zan ce mashin ba ne. Amma Malam ya zauna ya wanke kafireta, ya sa sabon fulogi, ya canza baƙin mai, ya ba tayoyi iska. Ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙa masa riga, can sai abin ya yi tari ya tashi. Ku ga fuskar mutumin nan, ko ranar sunan Ummi bai yi wannan fara'a ba. A Mugulbu muka kwana, don yamma ta riga ta yi.

Da safe muna kama hanya na fara jin wani gurnani a ƙarƙashina. Ni ce a kan tayar baya, ni nake jin abin yana hawowa ta ƙashin bayana. Na gaya masa. Ya ce ƙasa ce ta maƙale, za ta kakkaɓe. Na sake gaya masa bayan mun wuce wani mayo, wato rafi. Ya ce mace ba ta san kukan inji ba, in riƙe jakata da kyau.

A bakin iyaka kuwa mun zama abin kallo. Na wajenmu suka duba jaka suka yi mana tambayoyi suka sallame mu. Na can ɓangaren suka nemi takardun mashin, Malam ya zaro su daga ƙarƙashin kujera, gara ta cinye rabi. Aka yi ta juya su ana Faransanci, a juya a yi Fillanci. Wani dattijo a cikinsu ya kewaya mashin ɗin yana shafa tanki, ya ce a irinsa ya koyi tuƙi, ya zaci duk sun ƙare a duniya. Shi ke nan Malam ya samu abokin hira, suka shiga labarin ƙarfen da da na yanzu. Sai da na yi gyaran murya sau ba adadi sannan aka ɗaga mana sanda.

Ba mu yi nisa ba bayan mashin ya fara rawa. Yana gangara yana karkaɗa ƙugu hagu da dama, gurnanin ya koma ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Na ce ya tsaya ko in diro. Ya tsaya, ya kama tayar da hannu biyu ya girgiza, ta yi ƙwal-ƙwal. Sai ya kama kan mashin ya fara turawa. Haka muka shiga wani gari, shi yana turi ni ina bin sa da jaka a ka.

Makaniken garin sunansa Hamadu, dogo ne marar yawan magana, sanye da shuɗin kayan aiki tun daga wuya har ƙafa kamar ma'aikacin asibiti. Ya girgiza tayar sau ɗaya ya ce boris ne, wato zoben ƙarfen nan masu 'yan ƙwallaye a ciki da taya take juyawa a kansu. Biyu ne a tayar baya, ɗaya kowane gefe, kuma ruwan damina ya shige su a rami. Daga faɗin haka ya dubi rana, ya wanke hannu da sabulu, ya ja ƙofar shagonsa ya ce zai je cin abinci. Na zaci wasa yake. Ashe su can haka suke, rana na tsakiya kowa ya kulle ya tafi gida ya ci ya miƙe baya. A wajenmu makanike da baƙin mai a hannu yake cin ƙosai, ɗaya hannun yana kan sifana.

Ni ban zauna ba, na tafi inda 'yan acaba suke tsayawa. Da ɗan Fillancina na kasuwa na kwatanta musu rugar. Suna jin daga Najeriya muke kuma daji za a shiga, kowa ya kau da kai. Ɗaya ya ce in yi haƙuri, zamanin ne ya zo da haka, ba sa ɗaukar baƙo zuwa can. Na tambayi tafiyar ƙafa, aka ce ko namiji sai ya kwana a hanya, ga shi ba mu san ta yanke ba. A nan na gane ko da mun bi shawarata a nan za mu maƙale. Ban gaya wa Malam ba, kuma kada wadda ta gaya masa.

Da Hamadu ya dawo ya ɗauko guduma, Malam ya ce a'a, mashin ɗin mahaifinsa babu wanda zai buga sai shi, a dai ara masa kayan aiki. Hamadu ya ɗaga kafaɗa ya koma kan benci. Aka ba ni faranti aka ce in riƙe duk abin da aka kwance. Malam ya saki birki, ya zare dogon ƙarfen da ya ratsa tsakiyar tayar, ya sauke sarƙa, ya kwantar da tayar a kan katako biyu. Ya zura ƙarfe ta wannan gefe yana bugun boris ɗin wancan gefen. Na farko ya faɗo a wargaje, ƙwallayen sun yi ja da tsatsa, har da busasshiyar laka. Na biyu cikinsa ya fito, zoben waje ya ƙi. Aka yi bugu, aka zuba kananzir, aka yi bugu, ko gezau. Sai da Hamadu ya kawo garwashi aka gasa wurin sannan ya saki.

Sai kuma neman sababbi. Duk mai shagon kayan mashin da aka nuna wa tsohon zoben sai ya yi dariya ya ce wannan girman ya daɗe da barin kasuwa, na mashinan yanzu kawai suke kawowa. Har magariba ana yawo. Hamadu ne ya tuna cewa injin niƙan garin irin wannan boris yake ci. Aka je, Allah ya taimaka mai injin yana da biyu a ajiye, sababbi a takardarsu, ya sayar mana.

A gidan mahaifiyar Hamadu aka sauke mu. Mutanen kirki ne, amma baƙuncinsu daban yake. An kawo mini tuwon masara da miyar yakuwa da gyaɗa, mai tsami har cikin kunne, aka ajiye aka ja labule aka bar ni ni kaɗai. Babu wadda ta tambaye ni daga ina, zuwa ina, 'ya'yana nawa. Da a layinmu ne, kafin baƙuwa ta kai loma uku an san sunan kakarta. Ni kuwa a ranar so nake a tambaye ni, don maganar ta cika mini ciki. Da safe aka kawo shayi da wani burodi dogo kamar taɓarya, an tsaga shi an cusa dafaffen wake. Na ci don dole, yana kankare mini dasashi.

Ranar Alhamis ke nan. Malam ya goge cikin tayar tas, ya shafa giris, ya ɗora sabon boris ya sa tsohon zoben a kai yana bugawa a hankali har ya zauna. Ya juya ya sa na biyun. Ya mai da taya, ya ɗaure komai tamau. Hamadu a lokacin ya tafi duba injin ban-ruwan wani. Na dubi farantin da ke hannuna, saura wani ɗan bututun ƙarfe, tsawonsa bai kai yatsa ba.

Na ce, “Malam, wannan fa?”

Ya ɗan leƙo ya ce, “Babu mashin ɗin da za a kwance a ɗaure ba a samu rarar ƙarfe ba. Yar da shi mu tafi.”

Ban yar ba, na ƙulle shi a bakin zanina, ni ma ban san dalili ba. Muka hau. Da farko shiru, tafiya sumul, Malam har yana tambayata ina gurnanin yake yanzu. Ba mu bar gonakin garin da nisa ba na ji ƙauri. Sai ƙara, sai tayar ta cije, muka yi gefe cikin karan dawa. Ya taɓa tsakiyar tayar ya janye hannu da sauri, wurin ya yi zafi kamar murfin tukunya.

Na sauka na kaɗe zanina. Da na buɗe baki a lokacin da abin da zai fito ba na matar aure ba ne. Muka juyo, wannan karon tayar ma ba ta juyawa sosai, ja ake yi. Hamadu ya kwance ya leƙa ciki ya tambayi ina bututun da yake zama tsakanin boris biyun, wanda yake tokare su don kada ɗauri ya matse su. Na kwance bakin zani na miƙa masa. Ya dubi bututun, ya dubi Malam. Ɗaya boris ɗin ya tsira, ɗayan ya ƙone ya dagargaje.

Saura wanda yake cikin injin niƙan, wanda ake aiki da shi. Malam ya je ya dawo ya ce mai injin ya ƙi, wai gobe Jumma'a kuma kasuwa, in ya tsai da inji matan garin za su cinye shi ɗanye, kuma sai an aika babban gari kafin a samo wani. Na ce ya zauna ya riƙe faranti. Na yafa gyale na tafi da kaina.

Mata ne cike a wurin, kowace da kwanon hatsinta a layi, injin yana ta ihu. Na tsaya gaban mutumin na fara magana, Fillanci ya ƙare mini na koma Hausa, Hausar ma ta sarƙe. Na zaro 'yar rigar da na ɗinka wa Ummi na nuna, na ce ban ma san ko za ta shige ta ba, don ban san girmanta ba. Na ce gobe da safe za a tafi da ita. Ban so yin kuka a gaban mutane ba, amma na yi. Wata tsohuwa da ke gaban layi ta tambayi na kusa da ita me nake cewa, aka fassara mata. Ta ɗauke kwanonta daga bakin injin ta ce wa mutumin ya kashe, kafin a kawo inji garin nan da me suke cin tuwo. Sauran suka yi ta gunaguni, wata har da tsaki, amma ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki kwanukansu.

Kada ku zaci shi ke nan. Boris ɗin injin ya shekara a wurinsa, shi ma ya ƙi fita, duhu ya yi aka ce sai da safe. Na bi matan gidan muka yi ta daka har tafin hannuna ya yi kanta, don ba zan iya zama ina kallon abin da na jawo musu ba. Gari ya waye Jumma'a, ina ganin rana tana hawa ina ta kai da kawowa. Sai da hantsi ya yi sosai aka ciro shi. Wannan karon Hamadu ne ya sa, ya fara zura bututun sannan ya rufe da boris, Malam yana tsugune yana miƙa masa sifana. Ana gamawa aka kira salla. Suka tafi masallaci, na zauna kusa da mashin ina kallonsa, ban taɓa tsanar wani abu marar rai kamarsa ba.

Tafiyar daga nan ba ni da abin faɗa a kanta. Mashin bai sake ko tari ba. Mun tura shi a yashin mayo biyu, mun ɓata hanya sau ɗaya, wani mai kiwon awaki ya mai da mu. La'asar ta yi sanyi muka hango tsamiyar da na sani.

Babu ruga. Sai da'irar kashin shanu, da turaku, da ƙwarangwal ɗin bukkoki an yaye musu ciyawa. Toka a murhu ta huce. Na sauka na durƙusa a wurin. Malam ya kashe mashin, a nan ne muka ji tarin mutum.

Dudu ce zaune a bayan tsamiyar, kayanta a ɗaure cikin ƙwarya, sandarta a gefe. Ta rame. A jikinta wata yarinya ce tsaye, doguwa, an yi mata kitson Fulani da 'yan wuri a goshi, ta riƙe zanin Dudu da hannu biyu tana leƙenmu. Da ba don tabon ƙyanda a gefen hancinta ba da sai na tambaya.

Dudu ta ce tun asuba aka tashi. Mijinta ya yi faɗa, ta ce su je, za ta zauna har rana ta taɓa kan dutsen can, in ba mu zo ba ta goya yarinyar ta bi sawun shanu. Na dubi dutsen, abin da ya rage tsakaninsa da rana bai fi kamu ɗaya ba. Na miƙa hannu na kira Ummi. Yarinyar ta ƙara shigewa bayan Dudu, ta ce wani abu da Fillanci, ta kira ta Dada, wato uwa.

Dudu ta jawo ni gefe ta yi ƙasa da murya. Ta ce ba ta cin yaji, tana son nono da ɗumi, kuma ba ta barci sai ta riƙe kunnen mutum. Sannan ta ce, “Na gaya mata goggonta za ta zo ta kai ta ganin gari. Kada ki ce mata komai yau. Bari ta saba da hannunki tukuna.”

Ita ta ɗaga ta da kanta ta ɗora a kan mashin tsakaninmu, ta ce mata ta je, tana nan tafe a baya. Na ciro turmin atamfar da na kawo mata, ta karɓa ba ta ko duba ba ta cusa a ƙwarya. Malam ya fara godiya, ta ɗaga masa hannu ta ce rana tana faɗuwa, kowa yana da tafiya a gabansa. Da muka ɗaga na waiwaya. Ta riga ta ɗora ƙwarya a ka ta kama hanyar kudu ita kaɗai, tana sauri kamar ana korarta, ba ta juyo ba ko sau ɗaya. Ummi ta yi ta murɗa wuya tana kiran Dada har muryarta ta dushe, sannan ta yi barci da kunnena a hannunta.

Yanzu tana nan, ga ta can a bakin ƙofa, inda take wuni tana duban hanya. Rigar ba ta shige ta ba, na ba 'yar maƙwabta. Ta fara tsintar Hausa, jiya ta ce ruwa, ta ce tuwo. Har yau Goggo take ce mini, ni kuma ina amsawa.